Kaset ɗin Kawu da Zafin Makka

Ko zan manta komai na zamanmu a unguwar Utaibiyya ta Makka, ban da ranar da aka kunna kaset ɗin kawuna a gaban baƙo.

Kawu tun yana saurayi ya zo aikin Hajji bai koma ba. Abin da ya rage masa na gida tsohon kaset ne na kiɗan kalangu, mai tafiya a hankali kamar raƙumi ya ƙoshi. Da shi yake yi mana wa'azi, wai mutanen da can ko kiɗansu akwai natsuwa, mu kuwa sai tsalle-tsalle. Da bikin ɗansa ya matso, ya rantse in ba wannan kaset za a sa ba, ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Ango ya rame, don ya san abokansa za su yi shekara suna yi masa dariya.

Ana cikin haka wani tsoho, abokin Kawu na ƙuruciya, ya zo Umara. Kawu ya gayyato shi shan shayi don ya kafa mana hujja. Ya danna rediyo, ya lumshe ido.

Baƙon ya saurara, ya ajiye kofi. "Alhaji, wa ya rasu?"

"Kamar yaya? Kiɗanmu ne na gida!"

"Wanga ai kiɗan gayyar noma ne! Da haka aka buga muna shi, da har yau ba mu gama kunya guda ba."

Ashe zafin Makka ne ya saki zaren kaset ɗin, shekara da shekaru yana ƙara jan jiki, Kawu na ƙara ganin natsuwa. Baƙon ya lalubo waƙar a wayarsa, sai ga kalangu na zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Ya miƙe yana rausaya.

"Ka manta? Kai ne fa wandonka ya yage a tsakiyar fili!"

Muka tuntsire. Kawu bai yi dariya ba, sai da na ga idonsa ya kawo ruwa, tausayinsa ya kama ni. Can ya dubi ango. "Halas, magana ta ƙare, ku sa abin da kuke so. Nawa dai ku bar min shi yadda yake, tare muka tsufa."

Tun ranar, in na ji kaina ina cewa da can ba haka ake yi ba, sai in nemi wanda muka yi zamanin tare in tambaye shi tukuna.