Ganguna sun cinye muryar Malam Bitrus

Da safen nan ina buɗe shago a Gwandu aka kira ni: Malam Bitrus ya rasu.

Shugaban mawaƙan cocinmu na Kalgo, malamina tun sakandare. Shi ya fara ɗora hannuna kan na'urar ɗaukar sauti, sana'ar da nake ci da ita yau. Ko yaushe na je gidansa sai ya ɗaure mini ƙullin gyaɗa a bayan babur, ko ina so ko ba na so.

Ina baƙin ciki, amma in faɗi gaskiya, haushinsa nake ji.

Watan jiya ya kira ni in ɗauki waƙoƙin da ya tsara. Na ce Malam, mu yi yadda ake yi: a ɗauki kiɗa daban, muryoyi daban, in haɗa a kwamfuta. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Iliya, ranar Lahadi daban-daban muke yi wa Ubangiji waƙa? Abin ga tare za a yi shi."

Haka aka cusa kowa a ɗaki guda mai rufin kwano. Mawaƙa, masu ganguna, masu busa ƙaho, jita, piyano, ga matan zumuntar coci da tulunansu na kiɗa da caki. Aka kashe fanka saboda ƙara, gumi har cikin ido.

Na kafa masa makirufo nasa shi kaɗai, don shi ke bayar da waƙa. Ina juya baya ya cire ya kai gaban tsofaffin matan da ke layin baya, wai muryarsu ba ta fita. Na mayar, ya sake ɗaukewa. Shi kuma ya koma ya tsaya jikin masu ganguna, don in ba ya kusa gudu suke yi da kiɗan.

Na ce Malam, ba za a ji ka ba fa!

Ya ce, "Sai mu sake bayan girbi." Rabona da shi ke nan.

Ɗazu Mama Rahila, matarsa, ta kira ni. Abu ɗaya take so: waƙar da muryarsa ta fito sosai, a sa ranar jana'iza, ta kuma ajiye wa jikoki.

Na saurari komai daga farko har ƙarshe. Tsofaffin nan sun fito tas, har numfashinsu ana ji. Shi kuwa ganguna sun danne shi. Na rage nan, na ƙara can, a banza. Abin da aka ɗauka a haɗe ba ya rabuwa.

Wuri ɗaya kawai ya fito fili, inda ya tsayar da kiɗa yana faɗa: "Ku dakata! Wa ke koranku? A sake!"

Na kira Mama ina jin nauyi, na ce iyakar abin da na samu ke nan. Na kunna mata ta waya. Da ta ji, sai ta yi dariya cikin kuka.

"Turo mini shi, ɗana. Ai wannan ita ce muryar da na sani."

Ubangiji ya karɓi bawansa cikin hutunsa, ya ta'azantar da Mama Rahila da yara. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su cikin addu'a. Ku haɗa da ni, don har yanzu zuciyata ba ta huce ba.