Sallamar da Ta Kusa Hana Mu Tafiya

Bayan mun gama girbin masara a shekarar nan, abokin wasana, ɗan kawuna da yake ɗinki a bakin kasuwar Tsiga, ya ce zaman keke ya sandarar masa da gwiwoyi. Ya kawo shawara mu taka da ƙafa har Kafur, mu gaida yayar mahaifiyata, wadda take gwaggo a wurinsa. Mu bi ta ƙauyuka muna kallon gonaki, ba gaggawa, ba kuɗin mota. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowa ya ɗauki ƙaramar jaka wadda ba za ta dami kafaɗa ba.

Na yi murna ƙwarai, sai dai ni murnata ba ta zuwa ita kaɗai. Na kai takalmina wurin mai gyara ya ƙara masa ɗinki, na zagaya gona da shi don in ji ko zai cije ni. Na je tasha na tambayi direbobi wace hanya ce lafiya, sannan na koma na tambayi 'yan acaɓa, ko direbobin sun manta wani abu. Maiɗakina ta yi mini dakuwa da ƙuli-ƙuli. Na sa buta, da sallaya, da man zafi, na ɗaure jakar, na kwance, na sake ɗaurewa.

Daga nan na tuna da sallama. A wurinmu mutum ba ya tafiyar kwana bai sallami maƙwabta ba, kuma na ji tsoron in shiga wani gida in tsallake wani, a ce na raina mutane. Sai na bi unguwa gida-gida.

Abin da ban lissafa ba shi ne, kusan kowa yana da ɗan'uwa a hanyar Kafur. Liman ya ba ni kwalbar zuma in kai wa surukinsa. Hajiyar da ke bayan gidanmu ta ba ni ƙullin daddawa da kwanon man shanu na 'yarta. Wani ya kawo irin waken suya, wani tsohuwar rediyo, wata kuma zakara da ransa.

"Ai ba nauyi, Malam," haka kowa ke cewa. "Tunda ta nan za ku bi."

Amana ce, bakina ya kasa cewa a'a.

Da abokin wasan nawa ya shigo zaure ya ga kayan, sai ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Kai mutumina, ƙaura za ka yi ba ka faɗa mini ba?"

"Saƙonni ne."

"Wa ya aike ka shela? Ni na ce mu miƙe ƙafa, ban ce mu yi dako ba. Ko ka mayar wa kowa kayansa, ko ka tafi kai da zakaranka."

Ya fita yana dariya, amma na san da gaske yake. Mayar da saƙo kuwa abin kunya ne da ba zan iya ba. Tafiyar da na daɗe ina ɗoki ta soma kuɓuce mini.

Kuma saura gida ɗaya ban sallama ba, na wani tsoho Bamaguje da gonarsa ke iyaka da tawa, wanda ya yi noma tare da mahaifina. Maiɗakina ta ce, "Maigida, don Allah ka haƙura, kada ka jawo wani kayan." Na zauna, na tashi, na ga dai idan ya ji a bakin wasu ba zai ji daɗi ba. Sai na tafi.

Na same shi yana ɓarar gyaɗa a gindin ɗorawa.

"Baba, sallama na zo yi, za mu Kafur da ƙafa."

"Da ƙafa? Madalla! Ɗana, ina da saƙo."

Na ce, "To, Baba."

Sai ya nuna mini jakinsa da ke ɗaure yana cin harawa. Ya ce ɗansa da ke zaune kusa da Kafur yake so a kai wa don kwasar dawa, ya rasa mai tafiyar ƙasa, kowa sai babur. Har mangala ya haɗo mini da ita.

Washegari da hantsi na ɗora kayan jama'a kaf a mangala, zakara a sama yana leƙe, na ja jakin zuwa shagon ɗinki. Abokin wasana ya fito da almakashi a hannu, ya yi dariya har ya dafa bango.

"Shi ma saƙo ne?"

"Shi ma."

"To, da kai da shi wa zai ja wani?"

Ya rufe shago, ya ɗauko jakarsa, ya rataya ta a wuyan mangala ba kunya. Muka fita ta cikin gonakin auduga da suka yi fari fat, hannuwanmu wayam, yana waƙa da muryarsa marar daɗi, ni kuma ina tsayawa jefi-jefi in duba ko man shanun Hajiya ya fara narkewa.