Kwanon da Yake Dawowa Cike

Shekara biyu bayan ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinmu, muna zaune a sabon matsuguni ta wajen Bebeji, likita ya ce sai maigidana ya rame.

Mutum ne mai jiki tun asali. Ranar da aka kai ni gidansa na leƙa ta ƙarƙashin mayafi, na ga ya cika ƙofar ɗaki, sai na ji kamar an ajiye ni a gindin kuka, inda rana ba za ta same ni ba. Da ya koma fataucin kifi, yana saro shi a bakin dam yana kaiwa Kwanar Dangora, jikin ya ƙaru, don kowace mai suya sai ta ɗanɗana masa. Ni kuwa daɗi nake ji. A wurinmu ƙibar miji shaida ce ga matarsa.

Sai ƙaba ta fito masa. In ya ɗaga kwandon kifi kumburin ya taso a mara, in ya kwanta ya koma. Wata rana ya ƙi komawa, ya yini yana murƙususu yana amai. Da abin ya lafa ya tafi asibiti Kano, ya dawo da wata 'yar takarda, ya zauna a bakin gado.

"Aiki za su yi," in ji shi. "Amma likita ya ce kitsen ciki ya yi yawa, ɗinki ba zai riƙe ba. Ya ba ni wata uku. In abin ya shaƙe hanji kafin nan, sai yadda Allah ya yi."

"To Malam, me za a daina?"

"Mai, da soye-soye, da fura mai sukari. Tuwo malmala ɗaya." Ya ɗago ya dube ni. "Kuma kada kowa ya ji. Ciwon ƙasan cibiya ba na talla ba ne."

Na kama aiki. Miyar kuka ba ɗigon mai, zogale dafaffe, kifi sai gasasshe. Na samu baƙin zare na ɗaura a zariyar wandonsa, daidai inda yake ƙullewa, don in ga ranar da ƙullin zai wuce shi. Shi kuma ranar kasuwar Kafin Maiyaki yakan faki ido ya hau sikelin da ake auna buhunan auduga.

A kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In ɗauki kaɗi in ajiye, in share tsakar gidan da na riga na share, in leƙa randa in manta abin da na je yi. Da na ji ƙarar mota a kan hanya sai in ga kamar shi aka ɗauko a kwance. Wani lokaci in hango kaina cikin takaba, wani lokaci in hango shi ya fito daga asibiti siriri kamar saurayi, yana nemana da ido cikin mutane.

Mazan layinmu ciyayya suke yi. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a jera a kan tabarma a ƙofar gidan Baffa, dattijon unguwa, a ci tare. Kullum Malam ya fita da nawa, kullum kwanon ya dawo kusan a cike, an ɗan gutsuri gefen malmala kawai. Na ɗauka tsananin kiyaye maganar likita ne, har ina kallon bayansa ina tausayinsa. Amma wata guda ya wuce, zaren yana nan a kan ƙulli. Sikeli ma, in ji shi, bai motsa ba.

Maƙwabciyata ce ta warware mini. Ta shigo da hantsi, ta zaro kwalbar man gyaɗa daga cikin mayafi ta tura mini ƙarƙashin tabarma.

"Ƙanwata, in babu ne ki faɗa, ai duk tashi ɗaya aka yi mana. Maza suna ta zancen miyarki, wai kamar ruwan wanke kwano."

"Ba sa ci?"

"Wa zai ci? Amma kada ki damu, mijinki ba ya kwana da yunwa. Kowa tausayinsa yake, ana tura masa. Jiya shi ya suɗe kwanon taushena, har da man shanun da ke gefe."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ashe wata guda ina auna gari da tafin hannu, shi kuma yana can yana cin girkin gida bakwai, ni ce ma aka mayar marowaciya.

Da ya dawo daga dam na tare shi tun bai ajiye kwando ba.

"Malam, taushen jiya ya yi daɗi?"

Ya zauna a kan turmi. "In ce musu me? Baffa ya turo mini kwano da hannunsa, in ce na ƙoshi?"

"To ka riƙa ci a cikin gida."

"In bar ciyayya? Gidanmu yana ƙarƙashin ruwa, da masallacinmu, da kabarin babana. Tabarmar nan kaɗai muka fito da ita."

"To ka faɗa musu."

"Na ce miki a'a."

Kwana huɗu bayan nan ciwon ya sake taso masa yana alwala. Na ga ya dafa bango, gumi yana zuba, yana danna marar da hannu har ta koma. Saura ƙasa da wata biyu. Na yini ina kai da kawowa tsakanin ɗaki da madafi. Ban taɓa tsallake maganarsa ba, kuma na san in na yi, zai iya daina dubana da idon da yake dubana.

Washegari da ya fita, na yafa mayafi na bi ta ƙofar baya zuwa wurin matar Baffa, wadda duk muke kira Gwaggo. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye kafin in iya furta sunan ciwon.

Ta yi dariya har ta ajiye tsinken sakace. "Ƙaba ce abin ɓoyo? Shi Baffan naku me kike tsammani ya sa yake tafiya a tale shekara da shekaru? Tashi ki tafi, 'yar nan. Ki bar ni da su."

Da magariba na tsaya a bayan zana. Na ji an jera kwanuka, na ji an yi bisimilla, sai muryar Baffa.

"Kai, ja kwanon gidanku gabanka. Daga yau shi ne naka. Wanda ya ƙara tura masa loma, da ni zai haɗu."

Wani ya ce, "Sarkin kifi ya koma cin ganye." Aka kwashe da dariya. Wani kuma ya ce ƙanensa ma an yi masa aikin, yanzu har noma yake.

Malam ya shigo, ya ajiye kwanon a gabana, wannan karon ba komai a ciki. Ya juya ya shige ɗaki. Haka muka yi kwana goma sha, gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice. In na shiga ɗaki ya fita. Na riƙa wanke wandonsa ina duba zare, ina share hawaye da gefen zani. Ƙullin ya fara wuce zaren da faɗin yatsa, sannan biyu, sannan tafin hannu. Wuyansa ya fito. Rigarsa ta riƙa yi masa yawa, ni kuma ina kewar mutumin da ya cika ƙofa.

Baffa da kansa ya raka shi Kano. Likita ya auna shi ya karɓe shi. Mako biyu ina leƙen hanya, kowace ƙaramar mota ta tsaya sai na fito.

Ranar da aka sallamo shi ya shigo a hankali, yana dafe da ciki. Mutane suka yi ta zuwa sannu har la'asar. Da gida ya yi shiru ya dube ni sosai, irin duban da na daɗe ban gani ba.

"Jibi zan fita ciyayya," in ji shi. "Baffa ya ce ki sa mai a miyar. Kaɗan. Wai suna so su wanke miki suna."