Bodari a falonmu na Aziziyya

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, na ɗauko mahaifiyata daga ƙauye ta dawo wurina a unguwar Aziziyya da ke Jidda. Wata huɗu tana zaune bakin taga, magana sai ta kama dole. 'Yata kuwa, 'yar shekara tara haifaffiyar Jidda, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, don kunyar a yi mata dariya. Daga gaisuwa kowa sai ya kama gabansa. Abin yana damuna ƙwarai, har na fara tunanin mayar da tsohuwa gida.

Wata Juma'a da la'asar yarinyar ta kawo aikin makaranta, an ce ta yi rubutu kan wata dabba baƙa mai zanen fari. Na gyara zama ina zuba bayani, ni da ko a mafarki ban taɓa ganinta ba.

Mahaifiyata ta leƙo hoton dabbar da ke cikin littafin yarinyar. "Wannan ai bodari ne. Bar ubanki, bai san komai ba."

Ta ce bodari ba ya wahalar haƙa, ramin da wani ya bari yake shiga, ko gindin suri. Akwai wanda ya tare bayan rumbunsu, kakanta ya hana a kore shi saboda yana cinye ɓeraye. Kafin in ankara ta sauko kan kafet, da ciwon gwiwarta, ta ɗaga gefen mayafi kamar jela tana nuna yadda yake juya wa mutum baya in zai fesa wari.

Yarinyar ta yi dariya har da hawaye. Can ta haɗa kalmomi da ƙyar: "Kaka, ke... ya taɓa fesa miki?"

"Sau ɗaya. Kwana bakwai zanena yana binne a ƙasa, ni kuma a zaure na ci tuwo."

"Yalla, Kaka, ƙara."

Da yarinyar ta rubuta bayanin Kaka ta kai, malamarsu ta rage mata maki, wai na littafi a Amurka yake, na Kaka wata dabba ce daban. Ban je neman ba'asi ba.

Shekara biyu kaka da jika suka ƙara tare, ɗaki ɗaya. Na ɗauka abinci da magani su ne riƙon uwa, ashe wanda zai tambaye ta abin da ta sani take nema. Har yau in 'yata ta yi Hausa, karin harshen ƙauyenmu nake ji, irin wanda ni kaina na daɗe da yarwa. Nakan ja ta da hira don kawai ta ci gaba.