Ƙugin da ke cikin akwatin Obadiya

Malam Almu mai gyaran rediyo ne a Kwamba, a wani ɗan shago da ke maƙale jikin katangar gidan haya. Tun yana saurayi yake sana'ar. A da shi ake nema idan za a ɗaura lasifika a gidan biki ko wurin maulidi, daga cikin Suleja har ƙauyukan Zuma, ya wuni tsaye gaban manyan sifikoki yana daidaita sauti. Yanzu furfura ta cinye gemunsa, kowa kuma a waya yake jin labarai. Abin da ake kawo masa bai wuce fanka da dutsen guga ba, sai tsofaffin rediyoyin da masu su ke mantawa da su a shagon. Yakan ce wa matarsa Fatsuma ba aikin ne ke gajiyar da shi ba, zaman jiran aikin ne.

Wata ranar Litinin da hantsi, Obadiya ya shigo da jita a rataye. Ɗan Izom ne, tela ne a layin, shi ke kaɗa jita a cocinsu ranar Lahadi. Ya ajiye wani ɗan akwatin roba na sabulu a kan tebur, wayoyi sun leƙo ta ko'ina. Ya ce shi ya haɗa da hannunsa, yana bin wani bidiyo. Ana taka shi da ƙafa ne, sai muryar jita ta yi kauri ta riƙa gurnani. Matsalar ita ce da ya taka, sai ƙugi ya cika cocin, wani lokacin ma har muryar mai karanta labarai a rediyo take fitowa ana tsakiyar waƙa.

Almu ya ce su gwada. Suka jona jitar da akwatin a wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Obadiya na takawa shagon ya ɗauki ƙugi kamar an tada injin niƙa.

"Baba, gurnanin nake so, ba wannan ba," in ji Obadiya.

Almu bai ga bambanci sosai ba, amma ya ce ya bar masa. Ya daɗe bai taɓa abin da ya sa shi tunani ba.

Ya fara da wuta. Ya cire cajar da Obadiya ke amfani da ita ya sa batir, rabin ƙugin ya tafi. Ya ga wayoyin ciki sun yi tsawo, su ke kamo tashar rediyo, ya rage su ya murɗe. Ya sami inda dalma ba ta kama ba a bakin jonin jitar, ya sake narkawa. Daga nan ya fitar da komai daga akwatin robar ya mayar cikin gwangwanin alewa, ya ɗaura wayar ƙasa a jikin ƙarfen. Mai labarai ya yi shiru, ƙugin ma ya kwanta.

Saura wani siririn fito, can ƙasa-ƙasa, wanda ya ƙi tafiya. Almu ya canza taransisto, ya canza wayar jonin jitar, ya kashe fanka, ya roƙi mai askin da ke maƙwabtaka ya kashe janaretonsa na ɗan lokaci. Fiton na nan. Kwanaki ya yi a kansa, bayansa ya riƙe, idanunsa na ruwa saboda hayaƙin dalma. Fatsuma takan aiko da abinci, kwanon ya koma ba a taɓa ba.

Da Obadiya ya dawo, Almu ya ba shi haƙuri, ya ce akwai sauran fito da ya gagare shi. Obadiya ya taka, ya kaɗa, ya tsaya, ya kai kunne bakin sifika. Ya ce shi bai ji komai ba, abin ya yi tas.

"Saurara da kyau," in ji Almu.

"Wallahi, Baba, babu komai."

Almu ya miƙa hannu ya kashe amfilifayar. Ya zare batirin, ya ajiye gwangwanin gefe. Fiton bai tsaya ba. Ya toshe kunnuwansa da yatsu, sai ma ya ƙara fitowa. Ya daɗe zaune a haka. Obadiya ya kama goge jitarsa da gefen riga.

A asibiti likita ta gwada shi, ta tambayi irin aikin da ya yi a rayuwarsa. Ta ce jijiyar ji ce ta gaji, shi ya sa yake jin fiton a kunnensa, abin ba ya warkewa, sai dai mutum ya saba, kuma ya guji ƙara. Da ya gaya wa Fatsuma, ta ce ai ta daɗe tana kiransa daga tsakar gida ba ya amsawa, ta ɗauka miskilanci ne na tsufa.

Bai rufe shagon ba, don ba shi da inda zai je ya zauna. Idan an kawo rediyo yana gyarawa, amma ya daina cewa ya gama sai mai ita ya saurara da kansa. Wani lokacin Obadiya kan bar keken ɗinkinsa ya tsallako ya saurara masa, su ɗan taɓa hira, Almu yana karkato da kunnen hagu wanda ya fi dama-dama. Da la'asar ta yi yakan ja ƙofa ya tafi masallaci a hankali, yana bin gefen titi sosai, don ba ya jin tahowar keke napep sai ta zo dab da shi.