Rariyata a Bakin Bututun Mota

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina yanzu, amma ranar da muka tsaya a gindin wani tudu tsakanin Ribah da Zuru tana nan daram, kuma na san da ita zan koma ga Mahaliccina. Ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubuta mini. In kun ji maganar ta yanke, hawaye ne.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, direban a-kori-kura ne. Yana ɗauko dawa da masara daga kasuwannin Ribah da Bena ya kawo Zuru. A shekarun farko na dubu biyu, shi da motar duk sun tsufa. In ta ɗauki kaya ta zo wannan tudun, sai ta kama haki, sai an rage buhuna kafin ta hau. Abokan aikinsa suka riƙa yi masa ba'a. Wata rana ya dawo ya zauna bai taɓa tuwonsa ba, ya ce, "In ranar kasuwa mai zuwa ba ta hau da kayanta ba, na sayar da ita, na zauna gida."

Ni kuwa a ɓoye raina ya yi fari. Na gaji da jiransa a bakin ƙofa, ga bayansa da ke ciwo.

Shi kuwa bai haƙura ba. Ya ce inji kamar mutum ne, iskar da yake shaƙa a ƙarƙashin murfin gaba duk zafi ce, in ya samu mai sanyi daga waje zai ƙara ƙarfi. Ya je shagon wani ɗan Ibo mai kayan famfo ya sayo bututun roba mai kauri. Mutumin har gida ya biyo shi don ya gani, yana dariya yana cewa, "Baba, mota kake gyara ko bayan gida?" Maigidana ya ce, "Tsaya ka ga aikin manya." Ya gasa bututun a bakin murhuna har ya lanƙwasu, ya haɗa shi da tukunyar da ke tace iskar inji, ya naɗe mahaɗar da robar tsohuwar taya, ya fito da bakinsa ta gefen mota, sama da taya.

Sai ya leƙo madafa. "Tsohuwa, ara mini rariya guda in rufe bakin, kada ganye ya shiga."

Rariya biyu gare ni. Akwai mai manyan idanu, akwai ta tankaɗen garin tuwo mai ƙananan idanu. Duk macen da ta taɓa tankaɗe ta san ƙaramar ba ta jimawa take toshewa, sai ana yi ana bugun gefenta. Shi bai sani ba, bai taɓa riƙe rariya ba. Na tsaya ina kallonsu su biyu, sannan na miƙa masa ƙaramar. Har ya yi mini godiya, ya ce na ba shi mai kyaun.

Ranar kasuwa ya ce in raka shi in zama shaida. A Ribah lokacin ana ta sussuka da sheƙa, ƙaiƙayi yana tashi ko'ina, motar kuma tana kunne ana loda mata dawa. Muka kamo hanya bayan azahar. Tun kafin tudun na ji muryar injin ta sauya. Da muka fara hawa sai ta shaƙe, ta yi tari, ta mutu. Ya taka burki, na sauka na sa dutse a bayan taya.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya fito ya dafa motar kamar mai lallashin mara lafiya, ya ce, "To, mun yi iyakarmu, ni da ke." Da motar yake magana. Na dubi fuskarsa, na ga mutumin da zai zauna a zaure daga gobe yana kallon motocin wasu suna wucewa. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa ganinsa haka ba.

Na zagaya wajen bututun. Rariyar ta toshe ƙaf da ƙaiƙayi, ko ido ɗaya ba a gani. Na kwance wayar da ya ɗaure ta da ita, na riƙe rariyar da hagu, na bubbuga gefenta da tafin dama kamar ina tankaɗe. Ƙaiƙayin ya zube a ƙafafuna.

Ya ce, "Mi kike yi?"

Na ce, "Malam, ba laifin motarka ba ne. Ni na ba ka wadda na san za ta toshe. So nake ka zauna gida."

Ya dubi rariyar, ya dube ni. Can sai ya yi dariya har ya riƙe baya. "Ashe kanikawa biyu ne a gidan! To ɗaura mata, ki shigo."

Ya tayar da ita, ya sa giya ɗaya, na janye dutsen na shiga. Ta ja a hankali, tana gurnani, buhu ko ɗaya ba a sauke ba, har muka kai sama. Ya miƙo hannu ya dafa nawa. Da muka isa gida na ɗauko mai manyan idanun na ba shi da kaina.

Shekara huɗu ya ƙara yana tuƙi. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba, sai dai in zai fita ya ce mini, "Oga, a duba min numfashinta." A gida ya rasu, kan tabarmarsa, bayan gajeriyar jinya. An sayar da motar. Ƙaramar rariyar tana rataye a ɗakina, har yau ban sake tankaɗe da ita ba.

Abin da na koya shi ne, in kana son mutum, kada ka toshe masa inda yake numfashi don ya zauna kusa da kai. Na kusa yi, Allah ya sa na san bugun rariya.