Maɗigar Ɗan Fari

Cikina na fari a Abakwa na yi shi, a ɗaki biyu na haya, tun Turawa suna nan. Maigidana akawu ne a ofishin gwamnati, in ya hau kekensa da safe sai la'asar. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, don haka babu gidan da zan tafi goyon ciki. Ina tankaɗe na ji motsin farko, a wata na biyar, kamar ƙaramin kifi ya juya a ƙwarya. Ban faɗa wa kowa ba. A wurinmu mace ba ta zancen cikin fari, ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ko kallonsa a gaban mutane. Kunya ke nan, ni kuwa na iya ta har ta yi yawa.

Da haihuwa ta matso aka ɗauko gwaggon maigidana daga Zariya. Tsohuwa ce mai kirki, amma in ta ce i, babu mai cewa a'a. Na sauka lafiya, namiji. Kwana uku ba a sa masa nono ba sai ruwan ɗumi, wai nonon farko dauɗa ne. Ran na huɗu Gwaggo ta sa na tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa a bakin ƙofa ta jefa ciki. In ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu, mugu ne. Ta yi ta wutsil-wutsil, ina yi mata addu'a a zuci, sai ta tsaya cak.

"Kin gani ko, 'yar nan? Nononki da dafi. Sai kin sha saiwa ya wanku tukuna."

A raina na ce, ko mutum aka jefa kogin Kaduna bai iya iyo ba ai haka zai yi.

Aka shiga ɗura masa nonon shanu da ruwa a cokali. Washegari zawo ya kama shi. Duk lokacin da Gwaggo ta fita hura wutar ruwan wankana, sai in lallaɓa in ɗora yatsa a maɗigarsa, wurin nan mai taushi a tsakar ka inda ƙashi bai haɗe ba tukuna. Ranar da ya zo duniya a cike take, tana bugawa ɗal-ɗal. Yanzu ta fara loɓawa. Kashegari yatsana ya zauna a ciki kamar a gurbin dara. Kukansa ya koma siriri, ga nono ya cika mini ƙirji yana jiƙa zane. Tsoro na ji.

Ran suna mata suka cika ɗaki da hantsi, ana miƙa jariri hannu zuwa hannu. Ni na juya fuska bango, yadda ake so. Sai na ji wata maƙwabciya ta ce a hankali, "Yaron nan ba ya kuka ne?"

Ban san sa'ad da na miƙe ba.

"Ku ba ni ɗana."

"La'ilaha illallahu!" in ji Gwaggo. "Ɗanki? A gaban mutane? Ke, da dafin za ki ba shi?"

"Gwaggo, a jikin nan ya kwana wata tara bai mutu ba."

Na karɓe shi, na sa masa nono a baki. Bai kama ba. Leɓensa a bushe, idonsa ya faɗa. Na matsa ɗigo ɗaya a harshensa, na ƙara wani, ina tunanin in ya cika a hannuna ni za a ce na kashe shi. Can sai na ji ya ja, ja ɗaya mara ƙarfi. Ya huta, ya sake ja.

Bayan kwana biyu maɗigar ta taso. Gwaggo har ta koma ga Allah "marar kunya" take ce mini, ban kuwa taɓa musa mata ba. Sunansa dai har yau ban kira ba. Amma yanzu da furfurarsa, in ya durƙusa gaishe ni ya cire hula, hannuna tsakar kansa yake fara zuwa.